Gaskiyar Da Aka Rinjaya

Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. To, in mutum ya tabbata taro zai rinjaye shi, ina amfanin ya faɗi abin da ya gani shi ne gaskiya? Bari mu duba labarin alƙalai biyu.

A shekarar 1896 aka kai ƙara gaban Kotun Ƙoli ta Amurka a kan dokar jihar Luwiziyana, wadda ta raba wa baƙaƙe da farare taragu a jirgin ƙasa. Alƙalai bakwai suka ce doka ta yi daidai. Guda ɗaya tak, John Marshall Harlan, wanda ya tashi a gidan masu bayi, ya ƙi. Ya rubuta hujjarsa, cewa tsarin mulkin ƙasarsu bai san launin fata ba. Ya rasu a 1911, wariya tana nan daram. Sai a 1954 kotun nan da kanta ta haramta raba makarantun gwamnati saboda launi. Maganar mutum guda ta zama doka bayan shekara 58.

Ta biyu tamu ce, Mai Shari'a Aloma Maryam Mukhtar. Ta zama joji a Babbar Kotun Kano a 1977, ta hau Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, ta kai Kotun Ƙoli a 2005. A Disamban 2008 aka yanke shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2007. Alƙalai huɗu suka tabbatar da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ita da Oguntade da Onnoghen suka ce a soke zaɓen, domin takardun ƙuri'a ba su da lambobi a jere kamar yadda doka ta shar'anta. Aka rinjaye su. A 2012 ta zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, mace ta farko a kujerar, har zuwa 2014.

Wani zai ce, ai ran nan maganarsu ba ta sake kome ba. Hakanan ne. Amma an rubuta ta an ajiye, kamar iri a rumbu, mai jiran damina. Kuma wanda aka kayar ya koma gida ya san an ji kukansa, bai yanke ƙauna ga shari'a ba.

Sai dai a lura, ba kowane saɓani ne gaskiya ba, wani taurin kai ne kurum. Alamar na gari uku ce: ya saurari 'yan'uwansa tukuna, ya kawo hujja, sa'an nan ya bi hukuncin da aka yanke, bai ta da husuma ba.

Kai mai karatu, kada ka ce wannan zancen manya ne. Ko a Bebeji kake, ko Kiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, wata rana za a kira ka zauren dagaci shaidar iyakar gona, ko ɓarnar shanu. Mai gona talaka ne, abokin shari'arsa kuwa attajirin da kowa ke cin bashi wurinsa, dattawa duk sun karkata. In ka yi shiru, gonar marayu ta tafi da yardarka. In ka yi magana, watakila ta tafi duk da haka, amma ba da hannunka ba, kuma yaran da ke bakin zaure sun ji inda iyaka take.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya, ko da mu kaɗai ne.