Duwatsu Kafin Kifi

A birnin Jidda, a gaɓar Bahar Maliya, akwai wani dattijo Bahaushe da ya shekara da shekaru yana haɗa wa masu hali tankunan gilashi na kifin teku da murjani mai rai. Ɗan ƙanwarsa yana koyon sana'ar a hannunsa. Yaron yana da kaifin basira da zafin nama, sai dai ba ya son jira.

Wata rana wani attajiri ya zo shagon. Bikin 'yarsa ya matso, yana son a kafa masa tanki a falo, cike da kifi da murjani, kafin baƙi su iso. Dattijon ya ce, "Alhaji, tanki zan iya kafa maka gobe. Amma kifi ba zai shiga ba sai bayan mako 4 zuwa 6." Attajirin ya fita ransa a ɓace. Yaron ya bi shi har bakin mota, ya karɓi aikin a ɓoye.

Abin da ido ke gani duk ya yi shi da kyau. Ya tace ruwa da na'urar da ke cire kilorin da ƙarafa, ya dama gishirin teku na musamman, giram 35 a kowace lita, domin gishirin miya ba shi da kalsiyam da magniziyam ɗin da murjani ke gina ƙashinsa da su. Ya jera busassun duwatsu farare, ya kunna fitilu masu shuɗin haske. A daren nan ya sa murjani, ya zuba kifi, har da mai ruwan lemo da farin zane wanda yara ke kira Nemo.

Ba a daɗe ba ruwan ya yi hazo. Kifayen suka daina cin abinci, suka taru a sama suna haki. Murjanin ya tsuke. Da kifi na farko ya mutu, yaron ya je ya durƙusa gaban kawunsa ya faɗi gaskiya.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya ɗauki bokitai da akwatin gwaji suka tafi. Ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ya girgiza. Ruwan da ya kamata ya tsaya rawaya sai ya koma kore shar.

"Ka gani, ɗana? Amoniya ce. Daga kashin kifin da numfashinsu take fitowa, kuma ita ke ƙona musu gaɓoɓin numfashi. A teku akwai masu cinye ta. A nan wa ka ajiye?"

"Na sa matata, Kawu."

"Soso ka sa. Soso yana tare datti, ba ya tare guba."

Suka kwashe kifin da ya rage da murjanin zuwa tsohon tankin shago. A can dattijon ya buɗe ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin tankin, wurin da mai saye ba ya taɓa leƙawa. Akwai ƙaramin tanki na biyu, ruwa yana gangarowa cikinsa, famfo yana mayar da shi sama. A gefe ga na'urar kumfa tana ta busa iska, ƙananan kumfa suna kama maiƙo da ragowar abinci tun ba su ruɓe ba, suna tura su cikin kofi. Ya cire kofin ya miƙa wa yaron. Ruwa ne baƙi-baƙi mai wari kamar kwata. Sannan ya ɗago wani dutse mai ramuka, wanda shekaru suka rina da launin shunayya.

"Wannan shi ne matatar gaskiya. Cikin ramukan nan bakteriya ke zaune. Wasu suna mayar da amoniya nitrait, wasu su mayar da nitrait nitret, wadda muke ragewa da canjin ruwa. Masu kiwo a Balin ta Jamus ne suka yaɗa wannan hanya: dutse mai rai, na'urar kumfa, haske mai ƙarfi. Za ka iya sayen dutse da kuɗi, amma ƙwayoyin sai sun hayayyafa, kuma ba su san ranar biki ba."

Aka yi biki da tanki mai duwatsu kawai. Dattijon ya mayar wa attajirin kuɗin kifin da suka mutu, ya ce zai riƙa cirewa a albashin yaron. Ya kuma bar masa aikin a wuyansa. Kullum yaron ya je ya gwada ruwa ya rubuta a littafi. Ya ga amoniya ta hau ta sauka, nitrait ta biyo baya ita ma ta ɓace. Ya riƙe zafin ruwan tsakanin digiri 24 da 26, domin a zafin Jidda murjani kan kori ƙananan tsirran da ke cikin jikinsa suna ciyar da shi, ya yi fari fat. In ruwa ya ragu sai ya cika da tataccen ruwa mara gishiri, tunda gishiri ba ya bin tururi.

Ranar da gwaji ya tsaya rawaya, attajirin ya ce a kawo masa kifi 20.

"Biyu za a fara da su, Alhaji," in ji yaron. "Bayan mako 2, in ruwa ya yarda, mu ƙara."