Rage Hanya: Hakki Ne Ko Alfarma?

Duk wanda ya san jami'o'inmu na farko ya san a kan makeken fili aka kafa su. Jami'ar Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, ta isa misali, domin ɗalibin da ke kwana a ɗakunan Awolowo sai ya taka sayyada sosai kafin ya isa laburaren Kenneth Dike. Haka abin yake a Ile-Ife da Nsukka. Wannan nisa ya raba jama'ar jami'a gida biyu, wato masu mota da masu ƙafa. Abin da muke son dubawa shi ne, idan mai mota ya tarar da mai ƙafa a hanya, rage masa hanya hakki ne a kansa ko kuwa alfarma ce?

Masu cewa alfarma ce suna da hujja. Mota guminsa ce, mai ma da kuɗinsa ya saya, balle tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. Akwai kuma tsoron ɗauko mugu. Bugu da ƙari, malamin da ya ɗauki ɗaliba ita kaɗai ya buɗe wa kansa ƙofar zargi, ko da zuciyarsa fara ce. Sannan tsakanin mai ba da maki da mai nemansa, ƙaramin alheri kan rikiɗe ya zama bashi, Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai dai masu cewa hakki ne su ma ba su rasa abin kamawa ba. Kujerun da ke bayan mai mota, ko da mutane ko babu, tafiyar za su yi, saboda haka abin da zai rasa bai wuce minti guda na tsayawa ba. A hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito, an lissafa taimaka wa mutum ya hau abin hawa cikin sadaka, an kuma umurci mahayi ya fara yi wa mai ƙafa sallama. Tarihi ma ya nuna mana cewa mota ba shaidar fifiko ba ce. A zamanin da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ƙaramin malami kan sami rancen sayen sabuwa. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, babban malami ma sai ya koma neman 'yar Kwatano. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

A namu ganin, amsar ta danganta da halin mai ƙafar. Ga lafiyayyen saurayi da safe, rage hanya alfarma ce, wanda ya wuce shi bai yi laifi ba. Amma ga mara lafiya, da mai juna biyu, da mai lalurar ƙafa, da wanda ruwa ya tare ga jarrabawa na jiransa, alfarmar ta zama hakki, domin a nan wahalar mai ƙafa ta rinjayi uzurin mai mota nesa ba kusa ba. Zargi kuwa yana da magani: a ɗauki mutum biyu ko uku a inda kowa ke tsayawa, a sauke su a bainar jama'a, kada kuma a sa ran wani sakamako.

Daga ƙarshe, akwai hakkin da ba ya faɗuwa ko da mota ta cika. Mai mota ya rage gudu, kada ya watsa wa mutane taɓo ko ya firgita su da oda. Mai ƙafa kuma ya tsare zuciyarsa daga hassada, ya karɓi uzuri. Mu da muke koyar da kirki a aji, ɗalibanmu suna kallon yadda muke wuce su a titi, kuma wannan darasin sun fi riƙe shi.