ALLURA A HANNUNMU, RAGAMA A HANNUN WA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya saukar mana da tufafi domin suturta al'aura da kuma ado. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yar'uwa, yau hirarmu a kan ɗinki ce. Buɗe akwatinki ki duba: atamfa, leshi, shadda, mayafi, hijabi. A cikinsu guda nawa ne mace ta auna ki, ta yanka, ta ɗinka? A ajinmu na matan aure na taɓa yin wannan tambaya, sai aka shiga kallon juna. Ƙarshe dai wata ta ce, "Malama, gaskiya telana namiji ne, shi ya iya." Na ce to shi ke ɗora miki tef a ƙirji da ƙugu? Ta sunkuyar da kai. Ba ita kaɗai ba ce, da yawanmu haka muke.

Abin mamaki, wannan sana'a ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu su ke kaɗin auduga da mazari, su ba masaƙa zare. Har gobe a cikin gidajen birnin Zariya da Kano mata ke zaman ɗinkin hula da aikin babbar riga da hannu. Mace ta yi makonni tana tsiyayar ido a kan hula ɗaya, dillali ya ba ta ɗan abin da ya ga dama, ya kai kasuwa ya ci ribar. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Ba a nan kaɗai ba ne. A shekarar 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a ƙasar Bangaladesh, mutum sama da 1,100 suka rasu, akasarinsu mata masu ɗinka wa manyan kamfanonin Turai da Amurka kaya. Tun kafin ranar an ga ginin ya tsage, amma aka tilasta musu komawa bakin keke. Masu allura ba su da ta cewa, masu ta cewa kuwa ba su riƙe allura.

Shin addini ne ya hana mu riƙe ragamar sana'a? Ko kusa. A Suratun Nisa'i, aya ta 32, Allah Ya tabbatar wa maza rabo daga abin da suka tsiwirwirta, Ya tabbatar wa mata nasu. Dukiyarki taki ce, miji ba ya da ikon taɓa ta sai da daɗin ranki. Uwar Muminai Nana Khadija (RA) ita ce mai jari, ita ke ɗaukar maza su kai mata haja Sham, kuma a cikin wannan fatauci ta gane amanar Manzon Allah (SAW). Nana Zainab 'yar Jahshi (RA) da hannunta take jima, ta ɗinka fata, ta yi sadaka da kuɗin. Annabi (SAW) ya shaida wa matansa cewa mafi tsawon hannu a cikinsu ita za ta fara riskarsa, sai da Zainab ta rasu a shekara ta 20 bayan Hijira suka gane tsawon hannun kyauta ake nufi. Ita kuwa Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'udu (RA), da take ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, an yi mata bushara da lada biyu: na zumunci da na sadaka.

Saboda haka mace ta mallaki shago, ta horar da 'yan koyo, ta saro yadi daga Kantin Kwari, ta yanke farashi da kanta, duk halal ne muddin ta kiyaye iyakokin Allah. Kuma idan mace da namiji suka yi ɗinki iri ɗaya, babu dalilin da za a rage nata kuɗin don kawai tana cikin gida ba ta san kasuwa ba. Wannan zalunci ne, ko da 'yar'uwarta mace ce ta yi mata shi.

Amma fa 'yar'uwa, shugabanci kaya ne, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne a kan kiwonsa. In Allah Ya ɗora ki a kan keke biyar, ki riƙe waɗannan:

Na farko, alƙawari. Kar ki karɓi ɗinkin Sallah na mutum 60 alhali 30 za ki iya. Saɓa alƙawari yana cikin alamomin munafuki, kuma kukan yaro ranar Idi ba shi da daɗin ji.

Na biyu, ragowar yadi. Ƙyallen da ya saura na mai kaya ne, sai in ta yafe. Suratul Muɗaffifina ta yi narkon azaba ga masu tauye ma'auni, tef ɗinki kuwa ma'auni ne.

Na uku, haƙƙin yaranki. Ki biya mai aiki tun guminta bai bushe ba. 'Yar koyo ta zo koyon ɗinki ne, kar ta shekara tana wanke-wanke da raino. Lokacin sallah a tsai da keke, lokacin Islamiyya a sake ta.

Na huɗu, abin da kike ɗinkawa. Adon da za a yi wa miji a ɗaka daban, kayan fita daban. Ki yi wa mai kaya nasiha cikin hikima. A 2020 Halima Aden, Basomaliya 'yar Amurka da ta yi suna a tallan kayan ƙawa da hijabinta, ta ajiye aikin saboda ta ga ana ta zaftare mata hijabin. Wadda ba ta riƙe ragama, wasu ke yanke mata abin da za ta sa.

Na biyar, zakka. In jari da haja suka kai nisabi, shekara ta zagayo, ki fitar da kashi 2.5 cikin 100.

Sannan kar ki fara sai kin zauna da maigida kun fahimci juna, don shago bai kai gida daraja ba. Mu kuma sauran, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ankon bikin nan da za a yi, a kai wa mace 'yar'uwarmu. Adashin da muke zubi, ko kwasa ɗaya a sai wa bazawara ko marainiya keke. Mai ɗinkin hula a unguwarku, ku nemo mata mai saye kai tsaye.

Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya ciyar da mu halal, Ya suturta mu duniya da Lahira, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.