Rawanin Aro

A ƙauyukan Gwarzo da Kabo, idan kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, samari kan shirya kalankuwa. A naɗa sarki, a naɗa alƙali da dogarai, kowa ya riƙe muƙaminsa na 'yan kwanaki. Na taɓa ganin alƙalin wasa ya sa an gurfanar da saurayin da suke neman yarinya ɗaya, ya ci shi tara, ya sa shi tsallen kwaɗo a gabanta. Da aka tsawata masa sai ya ce, "Ai wasa ne, alƙali ne ya yanke, ba ni ba."

To, laifin wa ke nan? Ni dai ban yarda rawani yana da zuciya ba. Gaskiya ne wasa ba ya armashi sai da mugu. Dogarin da ba ya muzurai kashe taro yake yi. Amma irin wannan mugunta kowa ya amince da ita, har wanda ake yi wa, shi ya sa ake dariya tare. Wancan kuwa gabarsa ta gida ya shigo da ita fage, ya lulluɓe ta da alkyabbar aro. Saurayin da kuɗinsa na gaske ya biya tarar, washegari kuma bai dawo dandali ba.