IRIN DA BA A CI
Karatu: Yaƙub 5:7-8 da 1 Korinthiyawa 15:35-44

Sa'anda manzo Yaƙub ya ke so ya koya wa masu-bi haƙuri, bai nuna masu sarki ko attajiri ba, sai manomi mai-jiran ruwan shuka da ruwan ƙarshen damina. Mu ma a ƙasar Karaye da Rogo mun san wannan manomi, gama daga rumbunsa mu ka ci mu ka girma. Ga shi kuwa muna ta kai irinsa kabari ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata fa mu tuna da zamansa, mu ga abin da ya bar mana.

Ku tuna da zamanin da a ka haife shi. A 1932 a ka buga dukan Littafi Mai-tsarki da Hausa. A 1933 mishan na S.I.M. ya sami zama a Kano, daga baya ya kafa tasha a Karaye, bishara kuwa ta shiga gidajen Maguzawa. A 1954 ekklesiyoyin da mishan ɗin ya haifa su ka haɗu su ka zama E.C.W.A. Amma Bature bai kwana a kowane ƙauye ba. Wanda ya riƙe ɗakin sujada shi ne manomin nan da ya koyi karatu da rani, yana bin baƙaƙe da yatsa. Shi ya kwaɓa ƙasa ya yi tubali, shi ya yanko ciyawar jinka, shi ya kai wa mai-bishara damin dawa da kaka domin kada yunwa ta kore shi.

A gida kuwa shi ne uban gandu. Da safe ya kan fita da 'ya'yansa gonar gandu, da la'asar kowa ya tafi gayaunarsa. Ran Lahadi fartanya ta kan kwana a rataye ko da ciyawa ta ci ƙarfin gero. In maƙwabcinsa ya kira gayya, ya kan je, ba ya tambaya ko mai-gonar Kirista ne ko Musulmi. Ya kan sayar da gyaɗa ya biya haraji, ya biya kuɗin makaranta, sauran ya yi wa uwargida zane.

Wahala ba ta tsallake shi ba. Farin 1973 ya ƙone gonaki, cutar 1975 ta lalata gyaɗar ƙasar Kano, fari ya sake dawowa a 1984. A shekaru irin waɗannan a ke sanin manomi na gaske. Tun da kaka ya kan zaɓi zangarniya mafi kyau ya ɗaure ya ajiye daban. Ko yara suna kuka, ko an koma cin tafasa da rama, ba ya kwance wannan dami, gama ya sani wanda ya ci iri ya cinye baɗi. Haka kuma ya yi da bangaskiyarsa. Bai sayar da ita domin mudun hatsi ba, bai kuwa koma wurin boka ba sa'anda ruwa ya ɗauke.

To, yanzu iri yana hannunmu. Me za mu yi da shi? Bari mu faɗi gaskiya. Sau da yawa mu kan zo jana'iza daga Kano da Kaduna da manyan motoci, mu yi waƙa, mu yabi tsoho, kafin kwana bakwai kuwa an fara auna gonarsa da igiya. Wa da ƙane su daina gaisuwa saboda fadama ɗaya. Gwauruwa ta zauna a ɗaki mai-yoyo, ba mai-tambaya ko da sauran hatsi a rumbu. Ɗakin sujada da tsoho ya gina da hannunsa ya tsage, mai-bishara ya yi wata da watanni ba a ba shi kome ba. Wannan shi ne cin iri.

Ku duba Luka 12:13-15. Wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi, Ubangiji kuwa ya ja masa kunne a kan kwaɗayi. Ku duba kuma 1 Timothawus 5:8, inda Bulus ya lissafta mai-ƙyale mutanen gidansa cikin waɗanda su ka musunci bangaskiya. Domin wannan muna roƙon dattawan ekklesiya, kada ku watse daga gidan makoki sai kun zaunar da magada an yi rabo cikin salama, an ware abincin gwauruwa na shekara, an san wanda zai riƙi marayu. Ku kuma 'ya'ya da ke aiki a birni, ku tuna da ekklesiyar ƙauyenku da baikonku, ku koya wa yaranku addu'ar da ku ka ji a bakin kakansu.

Kada kuwa mu yi baƙinciki kamar marasa-bege. Manoman ƙasarmu suna da wata shuka da su ke kira binne: a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a rufe, a koma gida a jira. Mai-wucewa ya ga kamar an yi asarar hatsi, amma mai-gona ya san abin da ya sa a ƙasa. Bulus ya koya wa Korinthiyawa cewa jikin mai-bi haka ya ke. Iyayenmu da mu ka rufe, binne ne mu ka yi, ranar zuwan Yesu Kristi kuwa za su tashi.

Ubangiji ya ba mu haƙurin manomi, ya same mu da iri a hannu sa'anda ya zo. Amin.