Amanar Dabbobi

Ya ɗan'uwana mai karatu, ka tuna Ubangiji Allah ya sa Adamu cikin gona domin ya kiyaye ta. Nuhu kuma bai shiga jirgi shi kaɗai ba.

Can ƙarshen arewacin duniya akwai farin beyar, wanda yake farauta bisa ƙanƙarar teku. Hayaƙin fetur da kwal ya sa zafi yana ƙaruwa, ƙanƙara tana narkewa, shi kuwa yana kwana da yunwa.

Kada ka ce wannan al'amari na nesa ne. Dattawan Mazanya sun ga fari na 1973 da na 1984, sa'anda shanu suka faɗi a bakin hanya. Raƙuman dawa na ƙasashen nan sun ƙare, har a 1996 saura 49 kaɗai wajen Kure cikin Nijar. Amma da mutane suka tsare su, sai suka haura 600.

To, kai fa? Kada ka cinna wa daji wuta domin gafiya. Kada ka sare ɗanyen gawo domin gawayi. In ka sare ɗaya, ka dasa biyu. Gama ran shari'a Ubangiji za ya tambaye mu amanarsa.