Kaurin ƙofa da duwatsun niƙa

A garin St Albans, kimanin mil 20 arewa da Landan, akwai wani ƙaton zaure na dutse da aka gina a 1365, zamanin da Thomas de la Mare ke shugabancin gidan 'yan zuhudun Kirista na wurin. Ban da coci, shi kaɗai ya rage tsaye daga manyan gine-ginen gidan.

Dokar Benedict, wadda mutanen gidan ke bi, ta tanadi a ajiye dattijo mai hankali a bakin ƙofa, ɗakinsa na nan kusa, don duk baƙon da ya yi sallama ya sami mai amsa masa. Kusan aikin da zaure ke yi a gidajenmu ke nan. To me ya kai wurin tarbar baƙo ga zama kamar ganuwa, har da kurkuku a cikinsa?

Amsar tana wurin niƙa. Gidan ne ke mulkin garin, kuma ya tilasta wa kowa ya kai hatsinsa maniƙar gidan, ya biya kuɗi. Talakawa suka riƙa niƙa a ɗakunansu da ɗan dutsen hannu. Wajen 1331 shugaban gidan na lokacin, Richard na Wallingford, malami ne da ya shahara da ƙera agogo, ya sa aka karɓe duwatsun nan, aka daɓe ƙasan wani ɗaki da su, 'yan zuhudu na takawa safe da yamma. Wannan ya wuce karɓar haraji, cin mutunci ne. Mutanen gari suka yi shiru, amma ba su manta ba, 'ya'yansu ma suka gaji abin.

Shekara 50 bayan haka, a boren talakawan Ingila na 1381, jama'a suka yi wa gidan tsinke, sabon zauren bai hana su shiga ba. Suka nufi ɗakin nan, suka tono duwatsun, suka farfasa, kowa ya tafi gida da gutsure a hannu. Jagoransu William Grindecobbe ya sha rataya daga baya, amma an ga iyakar amfanin bango. A ganina abin lurar ke nan: idan ka ga mai gida yana ta ƙara wa ƙofarsa kauri, kafin ka yaba ginin, bincika abin da ke tsakaninsa da maƙwabta.

A 1539 Sarki Henry na Takwas ya rufe gidan, aka rushe mafi yawansa, mutane suka kwashe duwatsu. Zauren ya tsira ne saboda hukuma na buƙatar wurin tsare fursunoni, haka kuwa ya zauna shekaru aru-aru. Tun daga 1871 makarantar garin ce ke amfani da shi, ɗalibai na ɗaukar darasi a ɗakunansa na sama.